Kanari a Keji, Jemage a Hayaƙi: Wa Ya Fi Buƙatar Kariyarmu?

Ƴan'uwa matasa, yau ba zancen tsadar hatsi ko rashin aikin yi na zo da shi ba. Zancen tsuntsu da jemage ne. Na san wani zai ce wannan ya rasa abin faɗa, amma ku ɗan yi haƙuri ku bi ni zuwa ƙarshe.

Farkon daminar bana na je gida Dungu. Da hantsi na iske kawuna a ƙarƙashin rumfa yana sauya wa kanarinsa ruwa, ya zuba masa ɗan gero a murfin gwangwani. Jika biyu ya saye shi wajen wani yaro mai tarko, kuma in tsuntsun nan ya fara rerawa har rediyo kawu yake rage wa murya. Muna zaune sai ga samari uku suna gara tsohuwar taya, ɗayansu riƙe da adda. Za su bakin garkoki, inda jemagu suka sauka kan manyan itatuwan bedi, su turnuƙe su da hayaƙi, in kuma sun ƙi tashi a sare rassan. Kawu ya sa musu albarka.

Na ce, "Kawu, wannan kana ba shi gero da hannunka, waɗancan kuma kana aika musu wuta?"

Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan lakwal, har ka fara? Wannan tsuntsu ne, yana yi mini waƙa. Wancan fa? Shi ba tsuntsu ba, shi ba dabba ba. Ya cika mu da ƙara, ya ci gwaiba, ya ɓata wa mata shanya. Me zan yi da shi?"

Ban ba shi amsar kirki ba a ranar, gaskiya. Amma tambayarsa ta kasu biyu, kuma dukansu suna da amsa. Ta farko, mene ne jemage? Ta biyu, me za mu yi da shi?

Bari mu fara da ta farko. Masana halittu suna jera masu rai kamar yadda muke faɗin asalin mutum: ƙasa, jiha, gunduma, gari, unguwa, gida. Wani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya daidaita wannan tsari, kuma daga bugun littafinsa na 1758 ne aka tsai da al'adar ba kowace dabba suna mai kalma biyu da Latinanci, ta farko sunan gida, ta biyu sunan kanta.

Kanarin kawu mai rawayan ciki sunansa Crithagra mozambica. Yana ajin tsuntsaye, cikin babban rukunin da ake kira Passeriformes, wato masu yatsu uku gaba ɗaya baya, da suke iya damƙe reshe. Rukunin nan ya ƙunshi fiye da rabin nau'o'in tsuntsayen duniya, waɗanda yawansu ya kai wajen 11,000. A cikinsa akwai reshen mawaƙa, masu wani ɗan maƙogwaro na musamman can ƙasa inda hanyar iska ta rabu biyu, kuma yawancinsu koyon waƙar suke yi daga manyansu, kamar yadda yaro yake koyon magana. Kanari yana da ɗan'uwa mai ruwan toka, Crithagra leucopygia, wanda ya fi sabawa da busasshiyar ƙasa irin tamu, shi ma ana kama shi don murya. A da duka biyun a gidan Serinus aka sa su, gidan kanarin Turai da ake kiwo, wanda asalinsa tsibiran Kanari ne. Binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2012 ya sa aka raba musu gida.

Ga abin dariya: a wannan tsari hankaka ma mawaƙi ne. Jan baki, wanda yake cinye mana gero a gona, shi ma mawaƙi ne. Ka ga kenan daɗin murya ba shi ne ma'auni ba, ginin jiki da asali ake dubawa.

To jemage fa? Muna yara cewa muke ɓera ne da ya tsufa ya yi fiffike. Ni kaina na yarda da haka har ranar da na harbo ɗaya da danƙo, ina ɗan shekara goma sha. Da ya faɗo na juya shi da kara, sai na ga ɗan ƙaramin jariri manne a ƙirjinsa, bakinsa a kan nono. Ashe uwa ce. Na daɗe ban gaya wa kowa yadda abin ya tsaya mini a rai ba, don kada a yi mini dariya. Amsar tambayar kawu ke nan: jemage dabba ne mai shayarwa. Gashi gare shi ba gashin tsuntsu ba, haƙora gare shi, haihuwa yake yi, nono yake bayarwa. Fiffikensa hannu ne, yatsu huɗu da suka yi tsawo fata ta haɗe su, ga babban yatsa da farce a waje. Sunan rukuninsu ma, Chiroptera, ma'anarsa da Girkanci "hannu-fiffike". Nau'insu ya haura 1,400, kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk dabbobi masu shayarwa, kuma su kaɗai ne a cikinsu suke tashi sama na gaske.

Kada kawu ya ji kunya, shi ma Linnaeus ya ruɗe: a 1758 ya sa jemage rukuni ɗaya da biri da mutum. Yau binciken gado ya nuna jemage ya fi kusa da akuya da doki da kare fiye da ɓera. Ɓeran ma mu ƴan Adam ya fi kusa da mu. Kanari kuwa ya fi kusa da kada fiye da jemage. Fiffike kawai ya haɗa su, kamar yadda hula ɗaya ba ta mai da mutum biyu ƴan gida ɗaya.

Wanda ya sauka kan bedinmu shi ne babban jemage mai ruwan kara a wuya da baya, Eidolon helvum, na dangin masu cin ƴaƴan itace. Nauyinsa ya kai wajen giram 300, in ya buɗe fiffike ya kai santimita 80. Ba makaho ba ne. Da manyan idanunsa da hancinsa yake neman abinci, saɓanin ƙananan jemagun da ke shiga rufin ɗaki, masu cin ƙwari, waɗanda suke gane hanya da amsa-kuwwar sautinsu. Kuma baƙo ne a wurinmu. Yana bin ruwan sama da nunar itatuwa, ya hauro Sahel da damina, ya koma kudu in ta ɗauke. An taɓa ɗaura wa wasu na'ura a Zambiya aka ga ɗaya ya yi tafiyar fiye da kilomita 2,000 cikin ƴan watanni.

Yanzu mu zo kan wanda ya fi shiga haɗari. Akwai ƙungiyar duniya ta kare halittu, IUCN, masu Faransanci suna ce mata UICN, an kafa ta a Faransa a 1948. Tun 1964 take riƙe da abin da ake kira Jan Kundi, inda ake auna kowane nau'i a sa shi kan mataki. Daga ƙasa zuwa sama: mai ƙarancin damuwa, dab da haɗari, mai rauni, cikin haɗari, cikin matsanancin haɗari, ya ƙare a daji, ya ƙare kwata-kwata. Abin da ake dubawa shi ne yawansu, faɗin ƙasar da suke zaune, da saurin raguwarsu. Misali, nau'in da yake raguwa da kashi 30 cikin ɗari a shekara goma, ko a tsawon zuriya uku, ya shiga matakin mai rauni.

A wannan kundi kanari, mai rawaya da mai toka, yana matakin farko, mai ƙarancin damuwa. Jemagen da aka kai wa taya yana mataki na biyu, dab da haɗari, kuma tun 2008 yake nan. Wato wanda muke lallaɓawa ba shi ne a bakin rami ba. Wanda muke kora shi ne ya fi kusa.

Wani zai ce, haba, jemagen da yake rufe sararin sama da magariba? A gandun Kasanka na Zambiya miliyoyinsu ne suke taruwa daga Oktoba zuwa Disamba kowace shekara, har ana cewa babu ƙaurar dabbobi masu shayarwa da ta kai ta yawa. Ina haɗarin? Amsar tana cikin lissafin haihuwa. Kanari takan saka ƙwai uku ko huɗu, ta ƙyanƙyashe cikin mako biyu, bayan wajen mako uku ƴaƴan sun bar sheƙa. Jemage kuwa ɗa ɗaya tal take haifa a shekara. Dabara tata ita ce tsawon rai, an ga wanda ya haura shekara 20 a tsare. Dabbar da take da irin wannan tsari, in aka kashe manyanta, gurbinsu ba ya cikuwa da wuri. Uwar nan da na harbo, rai biyu na ɗauka, da duk waɗanda za ta haifa nan gaba.

Na biyu, taruwar tasu ita ce rauninsu. Dubbai suna kwana kan itatuwa ƙalilan, don haka harbi ɗaya na bindiga yana zubo da yawa, sare itace biyar kuma yana tarwatsa gari guda. Wani bincike da aka wallafa a 2011 ya ƙiyasta cewa ana sayar da aƙalla 128,000 na wannan jemage a shekara a kudancin Gana, don nama. Mu nan ba cinsa ne ya dame mu ba. Namu shi ne danƙo, hayaƙi, da gatari. Amma da yake matafiyi ne, wanda ya tsira daga mafarautan kudu shi ne yake zuwa ya iske tayarmu. Saboda wannan tafiya ne aka sa shi cikin yarjejeniyar Bonn ta 1979 kan dabbobi masu ƙaura, wadda Nijar take cikinta.

Idan kuna ganin yawa kariya ce, ku tambayi iyayenku labarin ungulu. Wa ya girma a Matamaye ko Damagaram bai san ungulu a mahauta da bakin kasuwa ba? Har karin magana muka cika da ita. Ungulun nan ta cikin gari tana matakin mai ƙarancin damuwa har farkon wannan ƙarni. A 2011 aka ɗaga ta zuwa cikin haɗari, a 2015 zuwa matsanancin haɗari. Yau yaushe rabonka da ka gan ta? Babu ranar da aka yi shela cewa ungulu ta tafi. Kowa dai ya wayi gari ya ga babu. Mariri ma haka ya ƙare a dajinmu, har aka ayyana ya ƙare a daji a shekarar 2000, sai da aka dawo da waɗanda aka kiwata a tsare zuwa Chadi daga 2016.

Wannan darasi ya shafi kanari ma, don haka masu keji kada ku yi murna da wuri. Matakin mai ƙarancin damuwa hukunci ne na duniya baki ɗaya, daga Senegal har Afirka ta Kudu. Bai ce komai ba kan ko kanari na nan a fadamar Dungu. Shekaru da yawa kanari mai rawaya yana cikin tsuntsayen da aka fi fitarwa daga Afirka ta Yamma zuwa Turai, musamman ta Senegal da Mali da Gini, sai da Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da tsuntsayen daji a 2005 saboda murar tsuntsaye, ta mai da haramcin na dindindin a 2007. Kasuwar cikin gida kuwa ba ta tsaya ba. Kuma namiji mai murya ake nema, galibi a lokacin da ya fi rerawa, wato lokacin sheƙa. Yaron da ya sayar wa kawu ya gaya mini da bakinsa cewa da a bayan garkoki yake kamawa, yanzu sai ya yi nisa. Ka ga ƙauna ma tana ɓarna. Ɗaya mun kore shi don ƙiyayya, ɗaya mun ɗaure shi don so, kuma a duka biyun kanmu muka duba.

Sai tambayar kawu ta biyu: me zan yi da shi? A nan ne nake so ƴan yankinmu su buɗe kunne, don babu wanda ya kamata ya fi mu gane wannan magana.

Ƙasar Matamaye da Magarya da Mirya ta yi suna a duniya saboda itace. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, iyayenmu suka koma barin tsiro a gona suna gyara shi maimakon tumɓukewa, abin da ake kira sassaben zamani. Binciken da aka yi a 2006 ya nuna wajen hekta miliyan ɗaya a waɗannan gundumomi uku sun sake rufuwa da itatuwa, akasari gawo. A faɗin Nijar ana maganar hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200. Ba gwamnati ta dasa su ba, manoma ne suka rene su. To amma sassabe ba ya ƙirƙirar itace. Abin da ya tsiro kawai yake renawa, ko daga tsohuwar saiwa ko daga iri. Wa yake kawo irin? Na gawo awaki da shanu ne suke yaɗa shi a kashinsu. Na ɓaure da cediya da ire-irensu masu ƴaƴa, tsuntsaye ne da jemagu.

A Akara, babban birnin Gana, akwai garken wannan jemage a tsakiyar gari, kusa da asibitin soja. Masana sun ɗaura wa wasunsu na'urar bin sawu, suka gano yana iya kai ƙananan iri har nisan kilomita 75 daga inda ya ci. Wani bincike na 2019 ya ƙiyasta cewa garke mai jemage wajen 150,000 yana watsa iri sama da 300,000 a dare ɗaya, abin da zai iya farfaɗo da hekta 800 na daji a shekara. Ba kowane iri ne yake tsira ba, kuma garkenmu na Dungu bai kai ko kusa da wannan ba. Amma ku tuna yadda muke yi ranar 3 ga Agusta: a sayo dashe, a ɗauki hoto, a tafi, akuya ta ƙarasa aikin. Ga mai shuka da ba ya neman kuɗin mai, ba ya neman hoto, kuma irin da ya yar yana tafe da takinsa.

Sai kuka. Ku lura da furenta in damina ta kawo jiki: fari ne, babba, yana reto a ƙasa da dogon igiya, yana buɗewa da magariba, yana da wani irin wari, kafin wata magaribar ya yi yaushi. Furen dare ne, kuma a Afirka ta Yamma jemagu masu cin ƴaƴan itace, har da wannan namu, suna cikin manyan masu yi masa barbara. Suna zuwa shan ruwan furen, garinsa ya manne a gashinsu, su kai wa wata kukar. Ɗorawa da rimi su ma jemagu suna yi musu wannan aiki. Zan faɗi gaskiya: ganyen da ake miya da shi ba ya buƙatar barbara. Amma ƴaƴan kuka da ake dama garinsu, da irin da zai zama kukar jikokinmu, da kalwar da ake daddawa da ita, duk sai an yi barbara. Mutanen Mirya da suke cin arzikin kuka sun san tsohuwar kuka ba ta dawwama, sai an samu mai gadonta.

Ban zo in ce masu garka ƙarya suke yi ba. Mutumin da ya shekara yana ban ruwa, ya wayi gari ya ga gwaibarsa ko mangwaron ƙarshen kaka a cizge a ƙasa, ba zai ji daɗin wa'azin ɗan jami'a ba. Asararsa ta gaske ce. Ƙara da wari da karyewar rassa su ma gaskiya ne. Zancen cuta ma ba tatsuniya ba ce: a jikin wannan jemage ne aka fara gano wata ƙwayar cuta ƴar'uwar ta haukan kare, a Legas a 1956, kuma wani nau'in jemage na kogo shi ne matattarar cutar Marburg. Duk wanda ya ce muku jemage abin wasa ne da hannu, ya cuce ku.

Sai dai ku duba ta ina cutar take bi. Ta taɓawa ce, da cizo, da fiɗa, da jini. Wa ya fi taɓa jemage? Yaron da ya harbo shi ya ɗauka, da wanda ya tsince shi bayan hayaƙi ya kayar da shi. Kora da kisa su ne suke kawo hannu kusa da shi. A Yuganda, bayan Marburg ta kama masu haƙar ma'adinai a ramin Kitaka a 2007, an yi ƙoƙarin hallaka jemagun ramin baki ɗaya. Bayan ƴan shekaru wasu suka dawo suka cika wurin, kuma da aka auna su aka iske kason masu ɗauke da cutar ya ninka na da fiye da sau biyu. An so a kashe wuta, aka watsa garwashi. Kuma kada mu manta hayaƙin taya guba ne ga yaran da suke tsaye wurin da matan da suke girki a maƙwabta.

To me nake nema? Abubuwa ne da ba su fi ƙarfinmu ba.

Na farko, a bar itatuwan da suke sauka. Baƙuncin ƴan watanni ne, itacen kuwa ya yi shekara arba'in yana ba mu inuwa. Sare shi don jemage asara biyu ce. Muna da dokar farauta da kare namun daji ta 29 ga Afrilu 1998, da dokar gandun daji ta 2004. Sara ba bisa izini ba laifi ne tun kafin a zo maganar jemage. Ina kira ga hukumomin kwamin da sarakunanmu da jami'an gandun daji su san wuraren da garken yake sauka, su zauna da masu garkokin kusa tun kafin damina, a yi magana kafin a kai ga taya.

Na biyu, a taimaki mai garka da dabara. Jemage nunanne yake bi da hanci. Tsinke mangwaro da gwaiba da zarar sun ƙosa, a ƙarasa nunarsu a gida, yana rage asara sosai. Ƙananan itatuwa ana iya rufe su da raga mai ƙananan idanu, ko a ɗaure ƴaƴan da ƙyalle. Ƙungiyoyin da suke raba injin ban ruwa da iri a fadamunmu za su iya haɗawa da wannan.

Na uku, lafiya. Kada a taɓa jemage da hannu, rayayye ko matacce. Kada a ci ɗan itacen da aka ga shatin haƙori a jikinsa, kada a ba yara. A rufe rijiya da randa in suna ƙarƙashin masaukinsu. Wanda jemage ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya nufi likita a ranar. Malaman lakwal da na allo, minti biyar ya isa ku gaya wa yara wannan.

Na huɗu, mu ƙirga. Wannan namu ne, mu masu waya a hannu. A ƙasashe da dama na Afirka masu sa-kai suna ƙirga garken wannan jemage wata-wata, kuma da irin waɗannan alƙaluma ake gane ko yana raguwa. Ba ya buƙatar digiri. Ka rubuta ranar da suka sauka, itace nawa suka hau, kimanin nawa ne a reshe, da ranar da suka tashi. Ka yi haka shekara uku, ka riƙe abin da babu ofishin da yake da shi game da garinku. Ɗaliban jami'ar Damagaram da suke neman abin rubuta kundin ƙarshen karatu, ga shi nan a ƙofar gida. Ku haɗa da kanari da ungulu, ku zauna da tsofaffi su gaya muku abin da suke gani da, wanda yanzu babu.

Na biyar, masu son kanari, ni ma ina son muryarsa. Amma ku daina sayen na tarko a lokacin sheƙa. Kowane namiji da aka kama a lokacin, wataƙila akwai ƴaƴan da ya bari da buɗaɗɗen baki. Wanda yake da shi a keji ya kula da ruwansa da inuwarsa, kuma in ya mutu ba dole ne a maye gurbinsa ba. Ka bar ciyawa mai iri a gefen garka, ka ajiye ruwa a kasko, zai zo da kansa ya yi maka waƙar kyauta.

Kada wani ya ce mini ba a iyawa. Raƙuman dawa na Kure sun ragu har zuwa 49 a 1996. Da mutanen ƙauyukan wurin da hukuma suka tsaya musu, sun haura 600 cikin shekara ashirin da ƴan kai. Sai dai raƙumin dawa kyakkyawa ne, baƙi sun sha biyan kuɗi su gan shi. Gwajin gaske shi ne ko za mu iya tsaya wa abin da ba ya burge mu, wanda yake aikinsa da dare muna barci. Mu da kullum muke ƙorafin cewa a ƙasar nan ana ɗaukaka mai daɗin baki a manta da mai aiki, bai kamata wannan ya yi mana wuyar ganewa ba.

Game da bedin Dungu: an ƙona tayar. Jemagun sun tashi, sun yi ta kewaya gari da rana tsaka, bayan kwana biyu suka dawo. Yara sun tsinci wasu a ƙasa. Da daddare na sake zama da kawu, na bar zancen Jan Kundi, na kawo masa zancen kuka da ɗorawa. Ya yi shiru, can ya ce, "To ɗana, ni dai ban ce ina son shi ba. Amma ka gaya wa yaran nan kada wanda ya sa wa itacen adda." Na ce na gode, Kawu. Ban nemi ya so shi ba.

Baɗi in Allah ya kai mu, zan koma da littafi da biro tun ruwan farko, in fara ƙirga. Ƴan Dungu, ƴan Kance, ƴan Matamaye da kuke Damagaram ko Yamai ko Kano, wanda zai je gida da damina ya leƙa manyan itatuwan garinsu, ya rubuta abin da ya gani.